Kansar huhu: a fara nemanta a layin masu tarin fuka

Birtaniya ƙasa ce mai mutane kusan miliyan 68, kuma duk shekara likitocinta na gano kansar huhu a jikin mutum wajen 49,000. Najeriya ta haura mutum miliyan 200, amma ƙiyasin shekarar 2022 da hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta fitar bai kai mutum 2,000 ba. Wanda ya ɗauki alƙaluman nan biyu yadda suke zai ce Allah ya yi mana katanga da wannan cuta, mu yi hamdala mu fuskanci zazzaɓin cizon sauro da kansar mama. Ni ban ɗauke su haka ba, kuma ina ganin bai kamata Ma'aikatar Lafiya ta ɗauke su haka ba.

Wani ɓangare na tazarar gaskiya ne. Mu al'umma ce ta yara da matasa, fiye da rabinmu ba su kai shekara 20 ba, kansar huhu kuwa ta fi kama wanda ya haura 60. Ba ma kuma shan taba kamar yadda Turawa suka sha. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna kusan kashi 4 cikin 100 ne na manyan Najeriya ke zuƙar sigari, alhali a Birtaniya ta 1974 kusan kashi 45 ne. Duk an ji. To amma ƙididdigar kansa daga rajistar asibiti ake gina ta, kuma galibi mutum ba ya shiga wannan rajista sai an yi masa hoto, an ɗebi ɗan tsoka daga ƙirjinsa, an sa a madubin likita an tabbatar. Dattijon da ya yi wata takwas yana tari yana ramewa, ya sha maganin kemis, ya sha jiƙo, ya rasu a ɗakinsa da hantsi aka kai shi makwanci kafin la'asar, ba ya cikin lissafin kowa. In ka tambayi iyalinsa za su ce maka tari ne. Alƙaluman da ke nuna cutar ba ta da yawa a wajenmu suna nuna ƙarancin masu cutar, suna kuma nuna ƙarancin masu nemanta, kuma babu wanda ya raba mana biyun.

A duniya dai babu kansar da ke kisa kamarta. A 2022 ta kama mutum kusan miliyan 2.5, ta kashe miliyan 1.8. Abin da ya sa take kisa haka shi ne ɓoyewa. Ƙullutu na iya girma a cikin huhu wata da watanni ba tare da wani zafi ba, kafin mutum ya fara tofar da jini ko numfashi ya fara sarƙewa sau da yawa ta riga ta kai ƙashi, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa. A Ingila, cikin waɗanda aka gano tana matakin farko, sama da 6 cikin 10 na nan da rai bayan shekara biyar. Cikin waɗanda aka gano tana mataki na huɗu, kusan 5 ne cikin 100. Cuta ɗaya, asibitoci ɗaya, likitoci ɗaya. Bambancin kawai ranar da aka gano ta.

Na zaɓi Ingila ne domin ita kanta ta daɗe tana kwasar kashinta a hannu a kan wannan cuta. A can ne Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna alaƙar sigari da kansar huhu tun a 1950 (shi Doll ɗin mashayi ne, yana tsakiyar binciken ya jefar da tabar), amma duk da haka har zuwa farkon wannan ƙarni Birtaniya na can ƙasa cikin ƙasashen Yammacin Turai a yawan masu rayuwa bayan kamuwa. Likitoci da yawa sun riga sun saduda. Tsoho mashayi ya zo da inuwa a hoton ƙirji, sai a ce a lallaɓa shi kawai, babu abin yi.

Abin da ya fara sauya lamarin bai da wani armashi, littafin lissafi ne. Wajen 2004 aka soma wani shiri na ƙasa na bin diddigin kowane mai kansar huhu a kowane asibiti. Mutum nawa kuka gani? Nawa aka tabbatar da cutarsu ta hanyar duba tsoka? Nawa aka yi wa tiyata? Nawa suka samu ma'aikaciyar jinya da ta ƙware a kan wannan cuta ta riƙe hannunsu daga farko zuwa ƙarshe? Sai a buga sakamakon da sunan kowane asibiti, kowa ya gani. Nan aka ga abin kunya: mutum biyu masu cuta iri ɗaya, wannan an yi masa tiyata saboda yana kusa da asibitin da ke da likitan fiɗar ƙirji, wancan an sallame shi gida saboda nasa asibitin bai ma tura shi ba. Shugaban asibitin da ya ga sunansa a ƙasan jadawali ba sai an aiko masa da takardar gargaɗi ba. Cikin shekara goma adadin tiyatar kansar huhu a ƙasar ya ninka.

Daga nan suka koma kan jama'a. A 2012 aka cika rediyo da talabijin da saƙo guda ɗaya: in ka yi mako uku kana tari, je ka ga likita. Sannan ilimi ya kawo wata dama. Wani babban gwaji a Amurka da ya ƙunshi mutum sama da 53,000 ya nuna a 2011 cewa yi wa tsofaffin mashaya hoton CT (hoton na'ura mai nuna cikin ƙirji dalla-dalla) mai ƙarancin haske duk shekara na rage mace-macen kansar huhu da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da hoton ƙirji na yau da kullum. Wani gwajin a Holan da Beljiyam ya tabbatar da hakan a 2020, inda ragin ya kai kashi 24 a tsakanin maza.

Sanin haka daban, kai mutane gaban na'ura daban. Waɗanda suka fi shan taba a Ingila talakawa ne, tsofaffin ma'aikatan masana'antu da direbobi da leburori, kuma su ne ba sa son zuwa asibiti, ga tsoro ga jin cewa za a ce su suka jawo wa kansu. A nan ne likitocin Manchesta suka yi abin da ya fi burge ni a labarin nan gaba ɗaya. A 2016 suka ɗora na'urar CT a kan tirela, suka kai ta filin ajiye motoci na manyan kantuna a unguwannin marasa galihu, suka aika wa masu shekara 55 zuwa 74 da suka taɓa shan taba takardar gayyata. Mutum ya fito cefane, a yi masa tambayoyi, a gwada numfashinsa, in haɗarinsa na da yawa a ɗauki hoto nan take. Cikin waɗanda aka yi wa hoton, kusan 3 cikin 100 aka samu da kansa, kuma kusan 8 cikin 10 na waɗannan tana matakin da za a iya cire ta ko a gasa ta ta mutu. Hukumar lafiya ta ƙasar ta faɗaɗa shirin zuwa wasu yankuna a 2019, gwamnatin Rishi Sunak kuma ta sanar a Yunin 2023 cewa zai game Ingila duka. Kusan kashi uku cikin huɗu na kansar da ake ganowa ta wannan hanya tana matakin farko ko na biyu, alhali a da ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba. Taiwan ta fara nata a 2022, har ta haɗa da waɗanda ba su taɓa shan taba ba amma cutar ta kama wani a gidansu. Ostireliya ta bi sahu a Yulin 2025.

Na san abin da wani zai ce: to mu ma a sayo tireloli. A'a. Wannan shiri an ɗinka shi ne daidai wuyan ƙasar da ke da miliyoyin tsofaffin mashaya, kuma kowannensu sunansa da tarihinsa na cikin kwamfutar likitan unguwa. Mu ba mu da wannan rajista, ba mu da yawan mashayan, na'urorin CT ɗin da muke da su ba su ishi waɗanda suka yi haɗarin mota ba ma. Ga kuma matsalar da ta keɓanta da ƙasashe irin namu: tarin fuka kan bar tabo da ƙulli a huhu ko bayan an warke, saboda haka in ka jera lafiyayyun mutane dubu a Kano ka yi musu hoto, za ka samu ɗimbin ƙulle-ƙullen da ba kansa ba ne, ka jefa mutane cikin fargaba da kashe kuɗin da ba su da shi. Abin ɗauka daga Manchesta dabarar ce: a tambayi ina masu cutar suka riga suka taru, a je can a same su.

Namu sun taru a layin masu tarin fuka. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tibi, wato tarin fuka, Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa duk shekara. Alamomin tibi kuwa su ne tari mai daɗewa, rama, rashin cin abinci, ciwon ƙirji, jini a majina. Ka sake karanta jerin nan, shi ne jerin alamomin kansar huhu. A hoton ƙirji ma sukan yi kama. Likitoci a Indiya da Afirka ta Kudu sun sha rubuta yadda masu kansar huhu ke shafe watanni suna shan maganin tibi kafin a gane gaskiyar abin da ke damunsu, kuma babu dalilin da zai sa mu tsira daga abin da ya faru a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki.

Ba laifin ma'aikacin lafiyar da ke ƙaramin asibiti ba ne. Mutum ya zo masa da tari na wata biyu, ya aika majinarsa gwaji a na'urar GeneXpert, sakamako ya dawo babu ƙwayar cuta, amma hoton ƙirji ya nuna inuwa, mutumin kuma sai ƙara ramewa yake. Ƙa'idar aiki ta yarda likita ya ɗora shi kan maganin tibi bisa abin da ya gani, kuma sau da yawa hakan daidai ne, domin tibi ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Ga shi maganin kyauta ne, yana nan a kabad. Ɗaya hanyar kuwa hoton CT ne a babban birni, wanda a wurare da yawa kuɗinsa kan kai ko ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ban da kuɗin mota da na kwana. Kowa aka ba shi wannan zaɓi, kyauta zai ɗauka. Sai mutum ya koma gida da ƙwayoyi na wata shida. In kansa ce, wata shida ɗin nan su ne ranakun da suka rage masa na samun waraka, kuma a kan maganin da ba nasa ba za su ƙare. In ya rasu a tsakiya, a rubuta shi cikin waɗanda tibi ta kashe.

Abin da nake so a yi bai buƙatar sabon gini. Shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa na daga cikin shirye-shiryen lafiya kaɗan da suka ratsa har ƙananan hukumomi: akwai jami'i a kowace, akwai rajista, akwai masu kai majina a babur, akwai cibiyar horo a Saye kusa da Zariya da ta daɗe tana yaye ma'aikata, akwai ma motoci masu ɗauke da na'urar hoton ƙirji da ke shiga kasuwanni da unguwanni, waɗanda kwamfuta ke karanta hoton nan take. Wato tirelar Manchesta tana wajenmu, cuta ɗaya kawai aka ce ta nema. A ƙara wa ma'aikatan ƙa'ida guda: duk wanda ya haura shekara 40, gwajin majinarsa bai nuna tibi ba amma hotonsa ba lafiya, ko kuma ya yi wata biyu yana shan magani bai samu sauƙi ba, dole a tura shi hoton CT, kuma gwamnati ce za ta biya. In mashayi ne, ko muryarsa ta dishe, ko yatsunsa sun kumbura daga baki, ko an ji ƙulli a saman ƙashin wuyansa, kada ma a jira wata biyun. Su ma waɗanda suka warke daga tibi a gaya musu gaskiya, cewa huhun da ya taɓa yin ta ya fi saurin kamuwa da kansa, saboda haka in tari ya dawo bayan shekaru kada su ce tsohon ciwo ne ya motsa su wuce kemis.

Za a ce ina amfanin gano cutar da ba za a iya maganinta ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan yi kamar komai a shirye yake ba. Likitocin fiɗar ƙirji kaɗan ne, suna asibitocin koyarwa, wasunsu kuma sun haɗa kayansu sun tafi Saudiyya da Birtaniya. Sakamakon gwajin tsoka kan ɗauki makonni. Amma an ɗan motsa. Dokar kafa cibiyar bincike da maganin kansa ta ƙasa, NICRAT, ta samu sa hannu a 2017, cibiyar ta fara aiki a 2023, an kuma fitar da tsarin yaƙi da kansa na 2023 zuwa 2027. A 2025 an buɗe sababbin cibiyoyin gashin kansa a asibitocin koyarwa na Katsina da Inugu da Benin. Na yi murna da ta Katsina ƙwarai, domin na san yadda mutanen Arewa ke bin layin gashi daga Zariya zuwa Sakkwato zuwa Abuja, duk inda aka ce na'ura na aiki. Sai dai na'urar gashi a ƙarshen hanya take. Tana jiran wanda ya iso ne, kuma mai kansar huhu a yadda muke yanzu ko dai ba ya isowa, ko ya iso lokacin da sai dai a rage masa zafi. Gwamna da minista sun fi son abin da za a yanke zare a ɗauki hoto, na gane, amma biliyoyin da aka zuba a injin ba za su yi wa wannan majinyaci rana ba muddin babu 'yan miliyoyin da za su kawo shi da wuri.

Haka Asusun Tallafa wa Masu Kansa da aka fara a 2021. Da kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza aka fara, a asibitoci shida, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello da na Gombe. Babu mai ja da wannan zaɓi, su ne suka fi yawa a rajista. Amma dubi yadda abin ke zagayawa: ba a nema, saboda haka ba a gani, ba a gani, saboda haka ba ta cikin jerin da ake ware wa kuɗi, babu kuɗi, saboda haka ba a nema. Wani ne zai yanke wannan zagaye, kuma hanya mafi araha ita ce a sa kuɗin bincike, wato hoto da ɗiban tsoka da gwajinta, cikin abin da asusun ko hukumar inshorar lafiya ke biya. Gwajin tsokar ya ƙara daraja a yanzu. Akwai nau'in kansar huhu, wanda ya fi yawa a mata da waɗanda ba su taɓa shan taba ba, da ke jin maganin ƙwaya da ake haɗiya a gida, irin su gefitinib da erlotinib. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magunguna na dole tun 2019, kuma kamfanonin Indiya na yin su da rahusa. Amma ba a ba mutum sai an gwada tsokarsa an ga irin tasa ce.

Ko wanda aka gano tasa ta yi nisa bai yi asarar zuwa ba. Za a daina ɗura masa ƙwayoyin tibi masu wahalar da hanta, a zuƙe ruwan da ya taru a ƙirji ya samu numfashi, iyali su daina sayar da gona da dabbobi suna bin masu magani gari-gari. Yuganda, wadda ba ta fi mu arziki ba, tana haɗa ruwan mofin, maganin kashe zafin ciwo mai tsanani, da kanta tana bayarwa kyauta, kuma tun 2004 ta yarda ma'aikatan jinya da aka horar su riƙa rubuta shi. Mutuwa da ciwon da ake iya kashe zafinsa ba ƙaddarar da za mu jingina wa talauci ba ce.

Maganar taba kuwa gajeriya ce, domin dokar tana nan. Dokar 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, an kuma fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019. Je ka teburin mai shayi ko tireda a kowace tasha ka ga ko akwai mai sayen kwali. Kara ɗaya shi ne farashin da ɗan sakandare ke iya biya, shi ya sa aka hana, shi ya sa kuma hanin ke da muhimmanci fiye da hoton ruɓaɓɓen huhun da ke jikin kwalin da yaron bai taɓa riƙewa ba. Ga shisha ta shigo ta samu karɓuwa har a wajen 'yan mata, da sunan ƙamshi ce kawai. Ingila ta sauko daga kashi 45 zuwa kusan 12 a 2023 ne da haraji mai tsanani, da hana sha a cikin gine-gine tun 2007, da kwali mara ado. Mu da muke ƙasa tun asali, riƙe wurinmu ya fi sauƙi.

Sai hayaƙin da ba na taba ba, wanda nake jin shi ne zai ba mu mamaki ranar da muka fara ƙirga. A gundumar Shuwanwei ta lardin Yunnan a ƙasar Sin, matan da ba su taɓa riƙe sigari ba suna cikin waɗanda suka fi kowa kamuwa da kansar huhu a ƙasar, saboda gawayin ƙasa da suke girki da shi a ɗakunan da ba mafitar hayaƙi. Hukumar binciken kansa ta duniya ta tabbatar da hayaƙin dizal cikin masu haddasa kansa a 2012, gurɓatacciyar iskar gari a 2013, hayaƙin itacen girki kuma ta sa shi cikin waɗanda ake kyautata zaton suna haddasawa. Yanzu ka tuna mai tuwo-tuwo da ta yi shekara talatin a gindin murhu, da mai suyar ƙosai, da bakaniken manyan motoci, da mai gadin da ke kwana kusa da janareto. In ɗayansu ya zo da tari, babu mai kawo kansar huhu a ransa, domin an koya mana cewa cutar mashaya ce.

Saboda haka ƙa'idar da na ambata kada a taƙaita ta ga mashaya, kuma a haɗa ta da lissafi irin na Ingila tun ranar farko. Ibadan na da rajistar kansa tun 1960, ba baƙon aiki ba ne a wajenmu. A ƙara layi biyu a rajistar tibi: an tura shi hoto ko ba a tura ba, me aka gani. A fara da jiha ɗaya mai asibitin koyarwa da yawan masu tibi, Kano ko Kaduna ko Katsina, a yi shekara biyu. A ƙarshen kowace shekara NICRAT da shirin tarin fuka su buga adadin da sunan kowane asibiti: mutum nawa aka tura, nawa suka isa, nawa aka samu da kansa, a wane mataki, kwana nawa tsakanin hoton farko da fara magani. Ingila ta sa wa kanta kwana 28 a gaya wa mutum ko kansa ce ko ba ita ba. Mu ko kwana 60 muka sa, muka kuma buga sunayen waɗanda suka cika da waɗanda suka gaza, 'yan majalisar da ke kwamitin lafiya za su samu takamaimiyar tambayar da za su yi wa minista ranar kare kasafin kuɗi.